Daƙiƙun da kati ya ƙi karɓa

Wata Juma'a ce a ƙarshen shekarar 2021. An sauko daga masallaci a Ketare, jama'a suka zarce ƙofar wani gida domin ɗaurin auren autar gidan. An baza tabarmi har bakin hanya, an ajiye goro da alawa a gaban liman, sanƙira yana kai da kawo yana gyara wa manya wurin zama. A kan dakalin maƙwabta, wani matashi ya kafa kyamararsa bisa ƙafafunta uku. Ya shekara biyar yana ɗaukar bidiyon bukukuwa da saukar karatu a garin da ƙauyukan kewaye, amma aikin wannan rana ya fi na kullum nauyi a wuyansa.

Wanda ya ba shi aikin bai zo ba. Yayan amarya ne, yana aiki a Fatakwal, kuma a waɗannan watanni ba kowa ke marmarin kama hanyar gida ba. Tun ƙarshen Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta taƙaita bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Babu kira, babu WhatsApp, balle a haska wa na nesa biki kai tsaye. Kuɗin aikin ma ta hannun wani direba suka iso, tare da saƙo na baki: ba ya bukatar hoton tukwane ko na 'yan rawa. Abin da yake son gani shi ne baffansu, wanda ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, yana ba da auren da bakinsa.

Mai kyamarar ya san halin na'urarsa kamar yadda mahayi ya san dokinsa. Tsohuwa ce, ta hannu ya saye ta, kuma duk lokacin da ta yi minti 12 da 'yan kai tana ɗauka sai ta tsaya da kanta. Shi a fahimtarsa gajiya take yi, ko zafi take ɗauka. Don haka ya koyi dabara: yana kallon agogonta, idan lokaci ya kusa sai ya tsayar da ita a inda ba a cewa komai, ya sake kunnawa. Ranar ma haka ya yi. Ya bar liman ya gama huɗuba, ya tsayar, ya sake dannawa daidai lokacin da aka tambayi waliyyi da wakilin ango. Yana da minti 12 cur a hannunsa, sigar aure kuwa ba ta kai minti ɗaya ba. Wani dogon mutum ya miƙe a gabansa, ya sauka daga dakali ya roƙe shi ya ɗan matsa. Da ya dawo ya leƙa, jan ɗigon nan da ke nuna ana ɗauka ya ɓace. A wurinsa akwai wani gajeren rubutu da ke cewa an dakatar da ɗauka. Sanƙira kuwa ya riga ya ɗaga murya yana shelanta cewa aure ya ɗauru.

Daƙiƙa 40 kawai ta ɗauka. A hoton ƙarshe, baffan ya gyara zama, ya buɗe baki zai yi magana.

Duk wanda ya ji labarin a garin, kyamara ya zarga. Ƙanwarsa ce kaɗai, wadda ta karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ta ce ya ba ta katin memorin ta gani. Ta sa shi a kwamfutarta, ta yi shiru tana kallo. Katin mai giga 32 ne, kuma ya kusa cika. A cikinsa akwai ragowar bukukuwa uku, da ɗaruruwan waƙoƙi da wa'azozi da wani aboki ya tura, da hotunan fasfo, da takardun neman aiki na mutane daban-daban.

"Yaya, yaushe rabon da ka yi wa katin nan fomat?" ta tambaye shi.

"Fomat kuma? Ai idan ya cika sai in goge abin da na gama da shi."

"Tun yaushe kake haka?"

"Tun da na saye shi."

Amsar abin da ya faru a ƙofar gidan nan tana cikin wannan 'yar tattaunawa, sai dai kafin a gane ta dole a san abin da katin memori yake, da kuma wanda ke riƙe da lissafinsa.

Duk wanda ya taɓa shiga siton hatsi a Dandume ko Funtuwa ya san ɗakin ajiya ba ya aiki sai da malamin sito. Shi ne mai rijista: buhun wane yana wace kusurwa, ina ne babu kowa, ina za a sauke kayan motar da ta iso. Katin memori fili ne kawai na gurabe miliyoyi. Abin da ke mayar da shi ma'aji shi ne tsarin fayil, wato ƙa'idar da ake bi wajen yanka filin gurbi-gurbi da rubuta abin da ke kowanne. Idan an yi wa kati fomat, sabuwar rijista aka buɗe masa, kuma a lokacin ne ake zaɓar irin ƙa'idar da za ta mulke shi. Yawancin mutane ba su san sun taɓa yin wannan zaɓi ba, domin masana'anta ko mai gyaran waya ne ya yi musu.

Rijistar da ke katin mai kyamarar sunanta FAT32. Zuriyarta tsohuwa ce: kamfanin Microsoft ya fara amfani da tsarin FAT tun 1977, a zamanin da ake ajiye bayanai a faifai mai laushi, ita kuma FAT32 ta fito a 1996 tare da wani sabon zubi na Windows 95. A cikinta, wurin da aka tanada domin rubuta girman fayil yana da gurbin lamba 32 na lissafin kwamfuta, kuma adadi mafi girma da zai shiga wannan wuri shi ne 4,294,967,295. Ma'ana, babu fayil ɗaya da zai wuce giga 4, ko da katin fanko ne. A 1996 wannan iyaka ta yi kama da bakin duniya, domin kwamfutoci da yawa gaba ɗayan ma'ajinsu bai kai haka ba. Kyamarar da ke zubo kusan megabit 45 a kowace daƙiƙa, wato megabayit 5.6, tana cike giga 4 a cikin minti 12 da ɗoriya. Ga gajiyar da mai kyamarar ya shekara biyar yana lallashi. Wadda ke ɗaukar hoto mai kaifin 4K a kan megabit 100 kuwa ba ta kai minti 6 ba take isa wannan katanga. Sababbin na'urori sukan rufe fayil su buɗe wani ba tare da an lura ba. Tsofaffi da yawa tsayawa suke yi cak. (Akwai wata iyakar daban ta minti 29 da daƙiƙa 59 da aka daɗe ana gani a kyamarorin hoto. Wannan ba ta da alaƙa da kati: a Tarayyar Turai an kasance ana ɗora harajin kyamarar bidiyo a kan duk wadda ke ɗaukar minti 30 a jere, masana'antu suka tsaya daƙiƙa ɗaya kafin layin.)

Amma ranar ɗaurin auren ba katangar giga 4 ya ci karo da ita ba, tunda daƙiƙa 40 kawai aka yi. Abin da ya kayar da shi ya fi wannan ɓoyuwa.

Ɗaukar bidiyo ta bambanta da kusan duk wani aiki da ake sa kati. Idan mutum yana kwafar fim daga kwamfuta zuwa filas, kuma filas ɗin ya ɗan yi nawa, kwamfuta jira take yi, a ƙarshe dai fim ya shiga. Idon kyamara ba ya jira. Hotuna 25 ko 30 yake fitarwa a kowace daƙiƙa, ko kati ya shirya ko bai shirya ba, kamar famfon da aka buɗe aka cire masa marufi. Tsakanin famfon da tulun akwai mazurari: wata 'yar ƙaramar ma'ajiya a cikin kyamara da ke riƙe hotuna na ɗan lokaci kafin su gangara kati. Muddin tulu yana karɓa daidai da zubowar famfo, babu wanda ya san da mazurarin. Idan bakin tulun ya toshe na ɗan lokaci, ruwa ya fara hawa. Idan ya kai baki, kyamara tana da zaɓi biyu: ta zubar da wasu hotuna, bidiyo ya riƙa tsalle, ko ta tsaya gaba ɗaya. Tasa ta zaɓi tsayawa. Saboda haka a wannan sana'a matsakaicin gudun kati ba shi da wani amfani sosai. Abin da ake tambaya shi ne: a mafi munin lokacinsa, tsawon wane lokaci yake yin shiru?

Me ke sa kati ya yi shiru? A nan sai an koma makarantar allo. Almajiri zai iya ci gaba da rubutu a duk inda allonsa ke da fili, amma ba zai iya kankare kalma ɗaya a tsakiya ya rubuta wata a kanta ba tare da ɓata aikin ba. Sai an wanke allon duka, ya bushe, sannan a sake rubutu. Ƙwaƙwalwar da ke cikin katin memori haka take. Ana rubutu a cikinta a ƙananan shafuka na 'yan kilobayit, amma ba a iya gogewa sai a babban yanki mai ɗauke da shafuka masu yawa a haɗe. Idan aka ba kati umarni ya rubuta sabon abu a yankin da rabinsa ke ɗauke da waƙar wani da hoton fasfon wani, sai ƙaramin injin da ke cikinsa ya kwashe waɗancan ya kai wani wuri, ya wanke allon, sannan ya karɓi sabon rubutu. Duk tsawon wannan hidima, famfo yana zuba.

Katin da aka yi wa sabon fomat alluna ne wankakku a jere, kyamara tana cika ɗaya ta wuce na gaba. Katin da aka shekara ana tura masa ƙananan fayiloli ana goge wasu ana barin wasu kuwa, filin da ya rage a cikinsa a warwatse yake, kamar sito da ke da wurin buhu 100 amma ɗaya a nan, biyu a can, uku a bayan kayan wani. Rijista za ta ce akwai sauran giga 3, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne babu wankakken allo ko ɗaya a cikin giga ukun. Gogewar da ake yi a kwamfuta sau da yawa a rijista kawai take tsayawa: an soke sunan mai kaya, tawadar tana nan a allo. A farkon taron kyamarar ta ci sa'a tana rubutu a ɗan sararin da gogewar daren jiya ta bari. Da ya ƙare, ta faɗa cikin gutsattsarin, mazurari ya cika a daƙiƙa 40.

FAT32 tana ƙara nata nauyin a kan wannan. A kati irin nasa, kowane gurbi yawanci kilobayit 32 ne, wanda ke nufin kyamarar tana cinye gurabe sama da 170 a kowace daƙiƙa. Kowane gurbi yana da layinsa a rijista da ke nuna gurbin da ke biye da shi, kamar sarƙa, kuma rijistar kwafi biyu ce, tana can farkon katin. Don haka a kai a kai sai an bar rubutun bidiyo an koma an sabunta sarƙa, sau biyu, da ƙananan rubuce-rubuce irin waɗanda kati ya fi ƙi. Kyamarori suna tara waɗannan su yi su a dunƙule domin rage wahala, amma ba sa kuɓuta daga gare su.

Masu ƙera katunan sun san da wannan duka. Kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba ne suka fito da katin SD a 1999, suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinsa a 2000. Ita ce ta ɗaura kowane girman kati da tsarin fayil ɗinsa: SDHC, wanda ya fito a 2006 kuma ya tsaya a giga 32, yana zuwa da FAT32, SDXC, wanda aka sanar a 2009 kuma yake farawa daga sama da giga 32 har tera 2, yana zuwa da exFAT. Ita exFAT Microsoft ce ta fitar da ita a 2006 musamman domin irin waɗannan ma'ajiyoyi. Ta kawar da iyakar giga 4. Tana riƙe da taswira ta daban da ke nuna gurbin da ke da kowa da wanda babu, kuma idan fayil ya kwanta a jere ba ta wahalar da kanta da sarƙa, sai ta rubuta inda ya fara da tsawonsa kawai. Ga mai ɗaukar dogon tafsiri a watan azumi, wannan bambanci ne da ake ji a jiki. Sai dai ita ma ba ta wanke allo. Katin exFAT da aka cika da tarkace zai iya toshewa kamar kowane.

Ƙananan alamomin da ke jikin kati ma suna da sharaɗi a ƙarƙashinsu. Babban adadin da ake bugawa da manyan haruffa a kwali yawanci gudun karantawa ne, wanda ba ruwan mai ɗauka da shi. Alamar da ta shafe shi ita ce lamba 10 a cikin da'ira, ko U3, ko V30 da V60 da V90 da aka ƙaro a 2016. Waɗannan alkawari ne na mafi ƙarancin gudun rubutu: megabayit 10, ko 30, ko 60, ko 90 a daƙiƙa. Katin mai kyamarar yana ɗauke da lamba 10, kusan ninki biyu na abin da kyamararsa ke bukata, shi ya sa bai taɓa zarginsa ba. Amma an auna alkawarin ne a kan rubutu a jere cikin yankunan da babu komai. Shi ne dalilin da littafin kusan kowace kyamara ke cewa a yi fomat a cikin kyamarar kanta, shawarar da mutane ke ɗauka a matsayin surutun masana'anta. Kyamara tana daidaita iyakokin gurabe da iyakokin allunan da ke cikin katin. Fomat ɗin da aka yi a wata na'ura ba tare da kula ba zai iya sa gurbi ɗaya ya raba ƙafa a kan alluna biyu, aiki ya ninka.

Akwai abin lura a tarihin sana'ar nan. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, a kaset aka ɗauka, kuma masu bidiyon biki sun daɗe a kan kaset bayan haka. Kaset ba shi da malamin sito. Zare ne guda, abin da ya zo farko shi ke gaba, kuma idan batir ya mutu a tsakiyar ɗauka, duk abin da aka ɗauka kafin nan yana nan. Kati ya zo da sauƙi da araha da kyan hoto, ya kuma shigo da wani haɗari da kaset bai sani ba. Fayil irin na MP4 ko MOV yana da jadawali da ke bayyana inda kowane hoto da kowace murya suke, kuma na'urori da yawa sai an danna tsayawa suke rubuta shi. Idan wuta ta yanke ko aka zare batir kafin nan, hotunan awa guda suna kwance a katin amma babu manhajar da za ta buɗe su kai tsaye. A wannan fuska mai kyamarar ya yi sa'a: tasa ta ga cikar mazurari, ta rufe fayil da kyau kafin ta tsaya. Daƙiƙa 40 ɗin sun buɗu.

Mai karatu da ke aiki da kwamfuta zai iya tambaya: me ya hana a sa wa kati tsarin da ya fi ƙarfi, kamar NTFS da Windows ke amfani da shi tun 1993, ko ext4 na Linux? Waɗannan suna riƙe da littafin niyya: kafin su taɓa rijista sai sun rubuta abin da za su yi, ta yadda idan wuta ta ɗauke za a san inda aka tsaya. Kariya ce ta gaske, amma rijista take karewa fiye da abin da ke cikin fayil, tana kuma ƙara yawan ƙananan rubuce-rubuce, sannan kyamarar biki ba ta san harshenta ba. A manyan na'urori ne zaɓin yake buɗe. Kyamarorin Blackmagic, alal misali, suna tambayar mai aiki ko yana son HFS+ na Apple mai littafin niyya, ko exFAT da Windows da Mac ke karantawa duka. Ɗaya ya fi tsira idan an yi hatsari, ɗaya ya fi shiga ko'ina. Tun a shekarun 1990 kamfanin Silicon Graphics ya gina tsarin XFS da hanyar ware wa bidiyo tabbataccen gudu da babu wani aiki da zai taɓa shi. Na'urorin kyamarar tsaro da yawa kuwa sun yi watsi da tsarin kowa, suka ƙirƙiri nasu da ke rubutu a zagaye yana bin kan tsoho, kusan komawa ga kaset.

Bayani dai bai dawo da siga ba. Mai kyamarar ya kwana biyu yana bin waɗanda suka zauna kusa da liman, yana tambaya ko wani ya ɗauka a waya. Da yake babu layi, mutane da yawa wayoyinsu a gida suka bari. A rana ta uku aka nuna masa wani ɗalibin liman da ke da al'adar naɗar muryar malaminsa a duk inda ya yi huɗuba. Wayar tana aljihun gaba, muryar a dushe take, ana jin kukan akuya a bayanta, amma ga baffan nan yana cewa ya ba da, ga wakili yana cewa ya karɓa, ga sadaki an ambata lakadan. Ta Bluetooth aka tura masa. Ya ɗora muryar a kan hoton ƙarshe na baffan, ya daskarar da shi, sannan ya bi da hoton hannuwan jama'a da ya ɗauka lokacin fatiha. Wani abokin sana'a ya ba shi shawara ya je ya roƙi tsohon ya sake zama a tabarma ya maimaita, a haɗa, ba wanda zai gane. Ya ƙi, kuma ya kyauta da ya ƙi: wanda ya biya kuɗin shaida yake nema, kuma dattijon da ya ba da aure sau ɗaya a gaban shaidu ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne.

FAT32 ba ta gama da shi ba tukuna. Da ya haɗa fim ɗin ya kai giga 6, ya sa sabon filas mai giga 16 domin ya kwafa, kwamfuta ta ce fayil ya yi girma. Ya zaci an sayar masa da jabu, kuma zargin ba na banza ba ne, domin akwai katuna da filas da aka yi wa injinsu ƙarya su riƙa nuna girman da ba su da shi. Irinsu suna karɓar komai da fara'a, sunayen fayiloli su bayyana a rijista, sai ranar buɗewa a tarar babu komai. Manhajar H2testw tana tona su ta hanyar cika su da rubutu ta sake karantawa. Nasa dai na gaske ne, katangar giga 4 ce ya sake karo da ita.

"A mayar da shi exFAT, Yaya, minti ɗaya ne," in ji ƙanwar. Sai kuma ta dakata. "A me zai kalla?"

Babu wanda ya sani, kuma babu hanyar tambaya. Idan a kwamfuta ne, babu matsala. Idan tsohuwar talabijin ce ko na'urar DVD mai ramin filas, da yawansu FAT32 kaɗai suka iya. Microsoft ta daɗe tana karɓar kuɗin lasisi a kan exFAT, sai a 2019 ta wallafa ƙa'idojinta a fili, kuma masu ƙera na'urori masu araha da dama sun tsallake ta. Tsohon tsarin, duk da gazawarsa, shi ne harshen kasuwa da kowa ke ji. Suka bar filas ɗin yadda yake, suka raba fim ɗin gida biyu, kowanne ƙasa da giga 4, suka tabbatar yankan bai faɗa kusa da siga ba. Ya rubuta gajeriyar takarda ya bayyana abin da ya faru, ya naɗe filas ɗin a ciki tare da rabin kuɗin aikin, ya ba direba.

Bayan mako biyu direban ya dawo da kuɗin yadda suke. Ya ce yayan amarya ya kalli wurin sau da yawa a gabansa, bai ce komai a kan hoton da ya tsaya ba, ya dai tambaya ko tarin da ya ji a muryar baffa sabo ne.

Yanzu mai kyamarar yana da katuna biyu da ba sa shiga wayar kowa. Daren kowane aiki yana kwashe abin da ke ciki zuwa wuri biyu, ya yi musu fomat a cikin kyamara, kuma a wurin ɗaurin aure yana ajiye tsohuwar waya kusa da liman tana naɗar murya. Minti 12 ɗin suna nan, har sai ya samu kuɗin sabuwar kyamara, amma ya daina fifita ta da kwali idan ta tsaya. Tsohon katin kuwa ya ba mai shayin bakin tasha, wanda ya sa shi a rediyonsa. Karatun da ke ciki kilobayit 16 yake nema a daƙiƙa, kuma karantawa ce kawai, babu allon da za a wanke. Tun daga asuba har a tashi kasuwa yake yi, bai taɓa sarƙewa ba.